YADDA AKE AUNA TAFIYAR MAI SHANYEWAR JIKI

 

Yau maganarmu a kan mutanen da ciwo ya taɓa musu ƙwaƙwalwa ne, ko laka, ko jijiyoyin nan da ke kai saƙo zuwa hannu da ƙafa, har tafiya ta gagare su ko ta yi musu wuya. Abin da za mu duba shi ne yadda za a san ko suna samun sauƙi, ko suna nan yadda suke, ko kuwa ciwon gaba yake yi. Musamman ina magana da mutanen ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda ke ɗauko marasa lafiyarsu daga ƙauye zuwa ɗakin shan magani.

To, kowa ya san halinmu. In ka tambayi mara lafiya, "Yaya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi." Ko yana kwance bai iya juyawa, da sauƙi zai ce maka. Wannan ladabi ne mai kyau, ba na cewa a bari. Amma malamin ɗakin shan magani ba ya iya aiki da shi. A kawo dattijo yau, a ce da sauƙi. A komo da shi bayan wata guda, a ce da sauƙi. Malamin da ya gan shi da fari wataƙila an yi masa canji, wani ne ke zaune a kujerar. Ko da shi ne ma, ya ga mutum ɗari da ɗari a tsakani. Ƙaƙa zai tuna yadda dattijon nan ya ɗaga ƙafa kwana talatin da suka wuce?

Ku tuna da kasuwa. Ba mai sayen gero da ido, sai an sa tiya. In kuwa aka auna maka da tiya ɗaya yau, gobe aka auna da wata wadda an bubbuge gindinta, ai ka san an cuce ka. Haka awon tafiya yake. Awon da za a amince da shi, shi ne wanda in mutum ɗaya ya yi shi sau biyu zai sami abu kusan ɗaya, in kuma mutum biyu suka yi, kowa da agogonsa, lissafinsu zai zo kusa da juna. Wanda bai cika wannan ba, ƙiyasi ne.

Cututtukan da ke kawo wannan hali suna da yawa. Babba a cikinsu ga manya shi ne shanyewar ɓarin jiki, watau sa'ad da hanyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da likitoci suka yi a Nijeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa cikin abubuwan da ke jawo shi. Ba iska ba ce, ba jifa ba ne. Akwai kuma waɗanda shan inna ta bari da ƙafa a shanye tun suna yara, da waɗanda kuturta ta kashe wa jijiyar ƙafa har ƙafar ke saki tana jan ƙasa. Akwai wanda ya tashi daga sanƙarau, da wanda ya faɗo daga babur ko daga bishiya ya bugu a baya, da wanda tarin fuka ya ci masa ƙashin baya, da tsohon da karkarwa ta kama yana tafiya da ƙananan taku. Maganinsu dabam-dabam ne, amma dukansu ana auna tafiyarsu da hanya iri ɗaya.

Wani zai ce, mene ne amfanin awon, tun da ba magani ba ne? Ga amfaninsa. Mai shanyewar ɓarin jiki ya fi samun sauƙi cikin wata 3 na fari, daga nan sauƙin ya riƙa tafiya a hankali. Kwanakin nan tsada gare su. In motsa jikin da ake yi masa yana aiki, a ci gaba. In ba ya aiki, a sake dabara tun da wuri. Ga kuma maganar kuɗi. Mutum ya ɗauko mahaifinsa daga wani ƙauye na Gwaram, ya biya kuɗin mota zuwa da komowa, ya bar gonarsa da damina. Haƙƙinsa ne a nuna masa a rubuce cewa wahalar nan tana haifar da wani abu. Na sha ganin iyali sun yanke ƙauna sun daina kawo mara lafiya, suna cewa ba canji, alhali kuwa da an auna da an ga canjin. Wanda ke zaune da yaro kullum ba ya ganin girmansa, sai baƙo ya zo ya ce, "Kai, yaron nan ya yi tsawo."

Akwai kuma masu yawo da magani kasuwa-kasuwa. Su sayar maka da kwalba a makon da jikin dama zai fara motsi don kansa, su ce aikin kwalbarsu ne. Littafin awo yakan rage musu ciniki.

In kun kai mara lafiya, za ku ga malami ya ce masa, "Ɗaga ƙafarka. Tura hannuna. Kada ka bari in danne." Sa'an nan ya rubuta lamba. Wannan awon ƙarfi ne, likitocin Ingila suka tsara shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don sojojin da harsashi ya yanke wa jijiya. Daga 0 yake zuwa 5. In ba motsi ko kaɗan, 0 ke nan. In nama yana ɗan motsi amma gaɓar ba ta gusa ba, 1. In yana iya jan ƙafar a kan shimfiɗa amma bai iya ɗaga ta sama, 2. In ya ɗaga ta sama, 3. In ya ɗaga har ya yi gardama da hannun malami, 4. Cikakken ƙarfi, 5. Awon yana da amfani, amma yana da aibi. Lambar nan ta 4 faɗi gare ta, kuma abin da malami ƙaƙƙarfa zai kira 4, wani mara ƙarfi sai ya kira shi 5. Ban da haka, ƙarfin ƙafa a kwance dabam, tafiya dabam. Don haka ake ƙarawa da awon tafiyar kanta, wanda ku ma za ku iya yi a gida.

Ga yadda ake yi. A nemi wuri mai laushin bi, shimfiɗaɗɗe, ba rami ba tudu, kamar barandar ɗakin shan magani ko ta makaranta, ko tsakar gida in tana da faɗi. A ari tef a wurin tela ko magini, a auna mita 14. A ja layi a farko, a ja wani bayan mita 2, a ja na uku bayan ƙarin mita 10, saura mita 2 ke nan zuwa ƙarshe. Mita 10 yadi 11 ne, saura ƙiris. In kun auna sau ɗaya, ku yanki igiya daidai tsawon, ku ƙulla ta a wuraren layi, ku ajiye. Amma kada igiyar roba ce, don tana miƙewa. Kada kuma a auna da taku ko da gaba, gama takun Malam dogo ba ɗaya yake da na gajere ba.

Mara lafiya ya tsaya a layin farko. A ce masa, "Yi tafiyarka yadda ka saba, har ƙarshe." Mai agogo ba ya dannawa sai ƙafa ta ƙetare layi na biyu, ya tsayar kuma sa'ad da ta ƙetare na uku. Mita biyun nan na farko da na ƙarshe an bar su ne don mutum ya ɗauki tafiya, ya kuma tsaya, ba a lissafa su. Agogon da ke cikin wayar hannu ya isa, mai ƙidaya sakan. A yi sau ɗaya don gwaji, kada a rubuta. Ya huta. Sa'an nan a yi sau biyu, a haɗa, a raba biyu. In na fari sakan 30 ne na biyu 26, sai a rubuta 28.

Wani ya riƙa bin sa a baya kaɗan, ta wajen ɓarin da ya shanye, hannu a shirye, amma kada ya riƙe shi sai in zai faɗi. Kuma don Allah kada a ja mutum ta hannun da ya shanye. Kafaɗar ba ta da naman da zai riƙe ta, tana iya gocewa, ciwonta kuwa ya daɗe. In ya ce jiri yake ji, ko ƙirjinsa na ciwo, ko numfashi ya yi masa wuya, a zaunar da shi, awon ya ƙare ran nan.

To, me lambar ke faɗi? Lafiyayyen babban mutum yakan ci mita 10 cikin sakan 7 ko 8. A 1995 wata likita a Amurka, Jacquelin Perry, da abokan aikinta suka duba tafiyar masu shanyewar ɓarin jiki, daga aikinsu aka fitar da ƙa'idar da ake bi. Wanda ya wuce sakan 25, galibi tafiyarsa ta cikin gida ce, daga ɗaki zuwa tsakar gida. Wanda ke tsakanin sakan 25 da kamar 13, yana iya fita kusa, zaure ko masallacin ƙofar gida. Wanda ya kasa sakan 13 kuwa ya fara isa shiga gari. Ku riƙe wannan kafin ku bar tsoho ya tafi kasuwa shi kaɗai. Wanda ke bukatar sakan 25 kafin ya ci mita 10, ku dubi faɗin babban titin da ya ratsa Birnin Kudu, ku dubi gudun manyan motoci, ku yi lissafi da kanku.

Awo na biyu shi ne na tashi-ka-tafi. Wasu masana biyu a Kanada, Podsiadlo da Richardson, suka fito da shi a 1991. Kujera ake so mai hannu, tsayinta daga ƙasa kamar santimita 46, watau kusan kamu ɗaya na babban mutum. A ja layi mita 3 daga ƙafar kujerar. Mutum ya zauna ya jingina. Da an ce "Tafi," a danna agogo. Ya tashi, ya je layin, ya juyo, ya komo, ya zauna, a tsayar. Ni na fi son wannan, don ya haɗa tashi da juyawa da zama, a nan ne kuwa mutane suka fi faɗuwa. Tsohon da ya kai sakan 12 ko fiye, a sa masa ido, yana cikin haɗarin faɗuwa. Wanda ya kai sakan 30, galibi sai da mataimaki wajen wanka da fita. Faɗuwar tsoho ba ƙaramin abu ba ce. Ƙashin kwatangwalo in ya karye, sai a koma kwanciyar da aka sha wuya kafin a tashi daga gare ta.

Yanzu ku kasa kunne sosai, gama a nan ne aikin ke lalacewa. Awon kansa ba wuya, yaron makaranta ma ya iya. Wuyar ita ce a yi shi iri ɗaya kowane lokaci.

A ce wancan mako an auna Baba da hantsi, ya karya kumallo, a kan siminti, da sandarsa, ƙafa ba takalmi. Wannan mako kuma aka auna shi da la'asar sakaliya yana azumi, a cikin rairayi, sanye da silifa. Aka ga ya ƙara sakan 6, gida ya rikice, an ce ciwo ya dawo. Ba ciwo ba ne, tiya aka sake. Rairayi yana cin ƙafa. Silifa kuwa abokin gābar mai sakakkiyar ƙafa ne, rabin hankalinsa yana wajen kada ya zame. Saboda haka wuri ɗaya, lokaci ɗaya na yini, takalmi ɗaya, sanda ɗaya, kujera ɗaya. In ran nan ya bar sanda, madalla, amma a rubuta cewa ba sanda, don sau da yawa ranar da mutum ya fara tafiya ba sanda ya fi jinkiri, ko da yake ci gaba ne babba. Mai ciwon karkarwa da ke shan ƙwaya, tafiyarsa bayan ya sha da kafin ya sha kamar mutum biyu ne, sai a tsayar da sa'a guda bayan shan magani a riƙa auna shi a cikinta.

Sai maganar baki. Kalmomin da aka faɗa masa yau, su za a faɗa gobe. Kada yau a ce "yadda ka saba," gobe a ce "yi sauri mu gani." Kada kuma mai agogo ya riƙa cewa, "Yauwa Baba, saura kaɗan!" Na san da kyakkyawar niyya ake yi, amma a bari sai an tsayar da agogo. 'Yan kallo ma a rage su. Namiji in ya ga maƙwabta sun taru, sai ya cije ya yi abin da ya fi ƙarfinsa don kada a raina shi, gobe ya kwana da ciwo. Mace kuwa in surukinta na tsaye, kunya ba za ta bar ta ta buɗe taku ba. A bar mata su auna mata a cikin gida, ta ɗaura zanenta yadda ba zai harɗe ta ba.

Mai agogo shi ma mutum ne. Wani yatsansa da sauri, wani da nawa. Gara mutum ɗaya ya riƙe aikin. In tilas a sake, to, tsohon da sabon su tsaya tare rana ɗaya, kowa da wayarsa, su auna tafiya ɗaya. In bambancinsu bai wuce sakan 1 ba, sun daidaita. In ya wuce, su zauna su shirya, wace ƙafa ake kallo, yaushe ake dannawa. A manyan asibitoci ma haka ake gwada ma'aikata kafin a amince da lissafinsu.

Duk da wannan kiyayewa, lamba ba za ta zauna cak ba. Jikin mutum ba injin niƙa ba ne, yau ya yi barci sosai, gobe sauro ya hana shi. Wanda ya yi sakan 25 wancan mako, wannan mako 24, kada a yi guɗa. In ya koma 26, kada a yi kuka. Wani bincike na Amurka da aka buga a 2010, kan masu shanyewar ɓarin jiki a watanni biyu na fari, ya nuna girman canjin da ke tafiya tare da sauƙi na ainihi. In aka juya shi ga lissafinmu, wanda ke cin mita 10 a sakan 25 ya komo kamar 18 ke nan. Kuma ba kullum ake awo ba. Sau ɗaya a mako ya isa da fari, daga baya sau ɗaya a wata. A dubi inda lambobi huɗu ko biyar suka dosa, kada a tsaya kan guda.

Wanda bai fara tafiya ba fa? Shi ma ana auna shi. A wani asibitin farfaɗo da marasa lafiya da ake kira Rivermead, a birnin Oxford na Ingila, an tsara wasu tambayoyi 15 a 1991, amsarsu i ko a'a. Sun fara daga juyawa a kan shimfiɗa, zuwa tashi zaune, zama ba jingina, miƙewa tsaye, har zuwa hawa matakala da gudu. Ku ma ku yi irin haka. Amma ku lura, abin da yake yi ake tambaya, ba abin da ake zaton zai iya ba. "Ai zai iya in ya so" ba amsa ba ce. Ya yi a gabanka, ka rubuta i. In sai da aka tallafa masa, ka rubuta da mutum nawa.

A nan zan ƙara nawa. Turawan da suka tsara waɗannan awo a kan kujera suke zama, a kan gado mai tsawo suke kwana. Mu kuwa tabarma ce da tsuguno. Mutum yana iya tashi daga kujera sarai, amma tashi daga tabarma ya gagare shi, tsugunawa a masai ya gagare shi. Saboda haka ku ƙara waɗannan a littafinku: yana tashi daga tabarma shi kaɗai? Yana zuwa bayan gida ba mataimaki? Salla a kwance yake yi, ko a zaune, ko ya fara tsayuwa? Sau da yawa waɗannan su ne abin da ke ran mara lafiya, ko bai faɗa ba.

Duk abin da aka auna a rubuta shi nan take. Littafin makaranta mai arha ya isa, da boko ko da ajami. Kwanan wata, sakan nawa, da sanda ko babu, wa ya auna. Ku zo da shi ɗakin shan magani. In malami ya tura ku babban asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ku tafi da shi ku nuna wa likita da ma'aikatan gashi, watau masu koya wa gaɓoɓi aiki. A shafin baya kuma a riƙa rubuta awon hawan jini, gama wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau ɗaya yana iya sake shanyewa in ya bar shan ƙwayarsa.

Akwai lokacin da ba a tsayawa neman igiya da agogo. In baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, yana iya shaƙewa ya tafi huhu. In ƙafafu biyu suna ƙara nauyi mako bayan mako, ga ciwon baya, balle in fitsari ya fara zuba ko ya ƙi fita, wannan alamar ana danne laka ne, jinkiri kuwa yana iya sa shanyewar ta zauna har abada. Haka kuma in littafi ya nuna lamba tana hawa sau uku a jere, alhali ba a sake kome ba, kada a jira ranar da aka ba ku.

Yaro kuma wanda bai kai shekara 15 ba, in ƙafarsa ko hannunsa ya saki kwatsam, a gaya wa malamin ɗakin shan magani ran nan. Za a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 a aika gwaji. Rabon da a ga shan inna irin ta daji a Nijeriya tun 2016 a Borno, a 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ita, amma ba a daina tsaro ba, ba a kuma daina ɗiga wa yara rigakafi ba. Jaririn da ya wuce wata 9 bai zauna don kansa ba, ko wata 18 bai taka ba, shi ma a kawo shi a duba, musamman in ya sha wuya wajen haihuwa ko ya yi shawara a makon fari.

Wanda bai gane yadda ake jan layukan nan ba, ya tambayi malamin ɗakin shan magani na garinsu ya nuna masa a baranda, ya zo da igiyarsa a ƙulla masa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan yadda ake juya mara lafiyar da ke kwance don kada gyambo ya fito masa a baya. A kwana lafiya.